Yadda Za Mu Rage wa Injin Mota Kaya Don Mai Ya Daɗe

Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayu na 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya kuma ta ƙara tashi. A ƙauyukanmu sau da yawa mota ɗaya ce ke kai majinyaci asibiti, ta kai hatsi kasuwa. Idan manta ya ƙare da wuri, dukanmu ne muke shan wahala.

Ina man yake tafiya?

Aikin inji bai tsaya ga juya tayoyi ba. Ta hanyar fanbel yana juya famfon ruwan da ke sanyaya shi, da altanetar da ke cajin batir, da kwamfaresar esi. A motoci da yawa har da famfon sitiyari. Kowanne cikinsu kaya ne a bayan inji, kamar yadda ake ƙara wa jaki buhu. Idan kaya ya ƙaru, shan mai ma sai ya ƙaru.

Esi ne ya fi kowanne nauyi. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce a lokacin zafi mai tsanani esi na iya rage nisan da lita ke kaiwa da fiye da kashi 25 cikin 100, musamman a gajeriyar tafiya. Wutar lantarki ma ba kyauta ba ce. Manyan fitilu biyu na gaba irin na da suna cin wat 110, kuma altaneta ke samar da wannan wuta da ƙarfin inji.

Abin da za mu iya yi

1. Mu ajiye mota a inuwa. Kafin a kunna esi, a buɗe tagogi zafin ciki ya fita.
2. A hanyar ƙauye, inda ake tafiya a hankali, iskar taga ta isa. A kan kwalta da gudu, buɗaɗɗen taga ma yana jan mota baya.
3. A kashe ƙarin fitilu, fanka da manyan sifiku idan ba a bukatarsu.
4. A canza batirin da ba ya riƙe caji, domin yana sa altaneta aiki babu hutu.
5. Makaniki ya duba fanbel. Idan ya yi sako-sako yana zamewa, idan ya ɗaure da yawa yana cinye boris.
6. A wanke ƙura da ƙaiƙayi daga gaban lagireto, musamman da hunturu da lokacin sussuka.

Gargaɗi

Kada wani ya cire fanbel ɗin famfon ruwa ko na altaneta da sunan tattalin mai. Inji zai yi zafi ya lalace, gyaransa kuma ya fi kuɗin man nesa ba kusa ba. Haka nan kada a kashe fitila da dare. Rai ya fi lita.

'Yan'uwa, mu karanta wa direbobinmu wannan shafi, mu tattauna shi da masu kula da motar gari.