Sojan da ya buga kai a ƙofa: Kurakuran Star Wars da rigimar gyaransu

A fim ɗin Star Wars na 1977, akwai inda sojojin daula masu fararen sulke suka kutsa wani ɗakin na'urori, sai na gefen dama ya gwara kansa da saman ƙofa. Masu tace fim ba su cire wurin ba, haka ya je sinima. Da aka fitar da faifan DVD a 2004, George Lucas bai goge kuskuren ba. Sa wa aka yi aka ƙara masa sautin karon, domin kowa ya ji.

Wani kuskuren na harshe ne. Han Solo ya yi alfahari cewa jirginsa ya ratsa hanyar Kessel cikin ƙasa da parsec 12, alhali parsec ma'aunin nisa ne, tafiyar haske ta shekara 3.26. Tamkar direban tasha ne ya bugi ƙirji ya ce ya taso daga Zugurma ya iso Kontagora cikin kilomita ashirin. Sai a 2018 fim ɗin Solo ya lalubo masa hujja: wai gajeriyar hanya ya bi.

Gyaran da ya fi ɓata wa masoya rai ba na kuskure ba ne. A 1997 Lucas ya sauya wurin da Han ya harbe Greedo, ya sa Greedo ya fara harbi. Tun 1989 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya fim ɗin cikin finafinan tarihi da za a adana, amma mai neman asalin na 1977 a kasuwa yau, sai dai ya koma ga tsofaffin kaset da faifai.