Gernika Ta Samu Mai Zane, Tudun Biri Fa?

A ranar 8 ga Disamba 2023, dubban mutane suka taru a filin tsohuwar kasuwar Gernika, wani ƙaramin gari a yankin Basque na arewacin Sifaniya. Suka jeru har suka fitar da siffar tutar Falasɗinu, aka kaɗa jiniyar gargaɗin harin sama. Kafofin labarai suka saka abin cikin jerin zanga-zangar goyon bayan Gaza, aka wuce. Amma me ya sa taron garin da mazaunansa ba su kai 20,000 ba ya zama labarin duniya? Amsar da ake saurin bayarwa ita ce an taɓa yi wa garin ruwan bama-bamai. Haka ne, sai dai wannan bai isa hujja ba. Garin Durango, maƙwabcin Gernika, ya sha irin wannan luguden wuta ranar 31 ga Maris 1937, mutum sama da 200 suka mutu, kuma yau in ka fita daga Sifaniya da wuya ka sami wanda ya san sunansa. Mu ma nan gida, kwana biyar kafin wancan taro, jirgin soja marar matuƙi ya saki bam kan masu Mauludi a Tudun Biri da ke ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna, hukumar ba da agajin gaggawa ta ce an binne mutum 85. Abin da ya raba Gernika da sauran shi ne ta samu mai zane, zanen kuma ya samu masu riƙo.

Labarin a taƙaice shi ne, ranar Litinin 26 ga Afrilu 1937, ranar da kasuwar garin ke ci, jiragen yaƙin Jamus da na Italiya da ke taya Janar Franco yaƙin basasa suka shafe kusan awa uku suna zuba wa garin wuta. Gwamnatin Basque ta ce mutum 1,654 ne suka mutu, wasu masana tarihi na baya-bayan nan kuma suna ganin adadin bai wuce ɗaruruwa ba. Mai zane Pablo Picasso yana zaune a Paris ya karanta labarin a jarida, ya fara aiki ranar 1 ga Mayu, ya gama a farkon Yuni, aka kafa zanen a rumfar Sifaniya a babban baje kolin duniya na wannan shekara.

Wanda ya tsaya gabansa a gidan tarihi na Reina Sofía a Madrid zai ga ƙyalle mai faɗin kusan mita 8 da tsayin mita 3 da rabi, babu wani launi a kai sai baƙi da fari da ruwan toka. Daga hagu uwa ce ta ɗaga kai sama tana kururuwa, gawar jaririnta na reto a hannunta, bijimi tsaye a kanta. A tsakiya doki ne ya wage baki, harshensa ya fito tsini kamar wuƙa. Ƙarƙashin kofatonsa mutum ne kwance a gutsure, hannunsa na riƙe da karyayyen takobi, ɗan fure ya tsiro a gefen hannun. Daga dama wata ta ɗaga hannuwa biyu cikin gidan da ke ci da wuta, wata kuma ta leƙo ta taga da fitila. Babu jirgi a zanen, babu bam, babu tutar kowace ƙasa. Picasso ya bar mai kisa a waje, ya cika fili da waɗanda aka kashe, shi ya sa mutumin Gaza da na Khartoum da na Rann duk za su iya duba wannan uwa su gane ta.

Mai musu zai ce to sai me, zanen ya hana a sake jefa bam? Bai hana ba. Franco ya ci yaƙin, ya mulki Sifaniya har ya mutu a 1975. Amma a tuna abin da gwamnatinsa ta ce tun ranar farko: wai mutanen Basque ne suka cinna wa garinsu wuta da kansu. Ɗan jarida George Steer ya ƙaryata wannan a jaridar The Times, sai dai labarin jarida kwanansa kaɗan ne. Zanen ne ya ci gaba da riƙe ƙarar. Picasso ya ce ba za a kai shi Sifaniya ba sai 'yanci ya dawo, ya yi ta zama a New York har 1981, kuma tsawon waɗannan shekaru duk wanda ya gan shi sai ya tambayi me ya hana shi komawa gida. A 1997 shugaban Jamus Roman Herzog ya aika wa waɗanda suka tsira wasiƙar amsa laifin ƙasarsa. A watan Fabrairun 2003 kuma, lokacin da sakataren harkokin wajen Amurka Colin Powell ya je Majalisar Ɗinkin Duniya neman goyon bayan yaƙar Iraƙi, an rufe kwafin zanen da aka saƙa, wanda ke rataye a ƙofar Kwamitin Tsaro, da shuɗin labule. Jami'ai suka ce don kyamarorin talabijin su sami bango mai kyau ne. Ko ma mene ne dalilin, abin da ba shi da tasiri ba a wahalar rufe shi.

Wani kuma zai ce ai zamanin zane ya wuce, tunda kowa na da kyamara a aljihu. Mun ga iyakar wannan kyamara. Duk lokacin da aka yi kisan gilla a Zamfara ko Filato ko Borno, kafin a yi wa gawarwaki sutura hotunansu sun cika Facebook da WhatsApp, tsiraicin uwar wani da fuskar ɗan wani suna yawo a wayoyin waɗanda ba su ma san sunansu ba. A rubuta "Innalillahi" a ƙasa, a tura gaba, bayan kwana uku wani sabon hoto ya binne shi. Hoton na iya zama shaida a gaban kwamitin bincike, wannan amfani ne babba. Amma ba a rataye shi a makaranta, ba a nuna wa yaro, kuma idon da ya saba ganinsa kullum bushewa yake yi. Mai zane yana da zaɓin da mai ɗaukar hoto cikin ruɗani ba shi da shi: ya suturta mamaci, ya cire abin da ke sa a kau da kai, ya bar abin da ke sa a tsaya a yi tunani. Francisco Goya, wanda ya ga mamayar sojojin Napoleon a Sifaniya, ya yi zane 82 tsakanin 1810 da 1820 kan ta'asar wannan yaƙi. Ya nuna sojan Faransa yana rataye baƙauye, ya kuma nuna baƙauyen Sifaniya yana sarar sojan Faransa da gatari. Ba a buga su ba sai 1863, shekara 35 bayan mutuwarsa, kuma har yau ana koyar da su.

Abin takaicin shi ne wannan fasaha ba baƙuwa ba ce a Arewa, mantawa kawai muka yi. A Zariya ne, a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Suka ƙi yarda su zama masu kwaikwayon malamansu Turawa, suka ce sai an gwama dabarun zamani da zanen gargajiya. Daga wannan tsangaya ce zanen zamani na Nijeriya ya ɗauki saiti. Okeke a Kafanchan ya tashi. Obiora Udechukwu ya fara karatun zane a Zariya a 1965, kashe-kashen 1966 suka sa ya bar garin, ya koma Gabas, ya zana 'yan gudun hijira da yaran da yunwa ta tsotse a lokacin yaƙin basasa. Okeke ya kai baje kolin ayyukan Biyafara Jamus ana tsakiyar yaƙin, bayan an gama kuma ya jagoranci sashen zane na Jami'ar Nsukka. Ke nan waɗanda suka fi kowa zana wannan yaƙi, mu muka fara horar da su, kuma wani ɓangare na abin da suka zana a garuruwanmu ya faru. Ɗalibi nawa ne a Kano ko Sakkwato ya taɓa ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka?

Za a ce ai ɓangare guda suka zana, ba su zana daren 15 ga Janairu 1966 da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa ba, ba su zana 'yan Arewa da aka kashe a Gabas ba. Wannan magana ce mai nauyi, amma laifin wa? Mutum abin da ya gani da idonsa yake zanawa. Idan namu zafin bai hau ƙyalle ba, mu ne ba mu ɗora shi ba, kuma maganin zanen da ya nuna rabi shi ne a zana sauran rabin, a rataye su kusa da juna, kamar yadda Goya ya yi shi kaɗai. A maimakon haka, gidan tarihin yaƙi da gwamnati ta kafa a Umuahia a 1985 ya fi ba da ƙarfi ga bindigogi da jirage da motocin sulke, wato kayan aikin mai kisa. Haka aka ci gaba. Buni Yadi a 2014, Baga a 2015, Rann a 2017, manoman shinkafar Zabarmari a 2020: kowanne ya samu kwanakin makoki da ziyarar jaje, babu wanda ya samu wata siffa da ɗan Nijeriya zai gani ya ce wannan ita ce ranar. Ko kawunan yumɓu 108 da aka gina don tunawa da 'yan matan Chibok da ba a gano ba, a Jami'ar Ile-Ife aka yi su tare da 'yar Faransa Prune Nourry, a Legas aka baje su a 2022. Fati Abubakar ta yi ƙoƙari da kyamararta wajen nuna yadda mutanen Maiduguri ke ci gaba da rayuwa, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Babbar hujjar da ake kawowa a Arewa ita ce ta addini, kuma ba ta wasa ba ce. Malamai da dama sun hana zana abu mai rai, wasu sun bambance tsakanin mutum-mutumi da zane a kan takarda, saɓanin kuma tsoho ne. Amma ko an ɗauki ra'ayin da ya fi tsauri, ƙofa ba ta rufe ba. Bayan yaƙin basasar Mozambik da ya ƙare a 1992, Bishop Dinis Sengulane ya fara wani shiri a 1995 inda mutum zai kawo bindiga a ba shi fartanya ko keke ko keken ɗinki. Aka yayyanka bindigogin, masu fasaha suka harhaɗa su da walda. Wani mai suna Kester ya haɗa kujerar mulki da su, ƙafafunta da majinginarta duk bindiga, yanzu tana gidan tarihin Birtaniya. Wanda ya gan ta ya gama fahimtar abin da mulki ke zama a kai, ba tare da an nuna masa gawa ko ɗaya ba. Masaƙan Afganistan, Musulmi, bayan mamayar Tarayyar Sobiyet a 1979 sun riƙa saƙa tankoki da jirage masu saukar ungulu cikin dardumominsu. Ibrahim El-Salahi na Sudan, ɗan malamin allo, da aka tsare a kurkukun Kober a 1975 ba tare da shari'a ba, ya riƙa zane a kan guntayen takardar buhun siminti yana binnewa a rairayi, kuma daga rubutun Larabci ya gina salonsa. Mu da muke da masu zayyanar allo da magina masu zanen bango da masu ɗinkin aska takwas da marinan Ƙofar Mata, mun fi ƙarfin mu ce ba mu da hanya. Abin mamaki ma, al'ummar da ke ƙyamar zanen fuska ita ce ba ta jin komai wajen yaɗa hoton gawar Musulmi tsirara.

Saura masu cewa tone-tone ne, a bar wa Allah. Tudun Biri ba Gernika ba ce: can da gangan aka yi, nan rundunar soja ta ce kuskure ne, shugabanta ya je ya ba da haƙuri. To amma kuskuren jefa bam da aka yi a Rann aka sake yi a Tudun Biri yana buƙatar abin da zai riƙa tuna wa mai danna maɓalli cewa mutane ne a ƙasa. Yafiya haƙƙin wanda aka zalunta ce, shi zai yi in ya ga dama. Mantuwa kuwa riba ce ga wanda ya yi ɓarnar.

Aikin ba mai tsada ba ne. Gwamnatin Kaduna za ta iya ba sashen zane na Zariya kwangilar gina bangon tunawa a Tudun Biri, a zauna da iyalan mamatan su faɗi abin da suke so da wanda ba sa so, a rubuta sunan kowa da hannun mahaddatan garin. Bindigogin da ake karɓa hannun tubabbun 'yan bindiga, a daina tsayawa kan jera su a ɗauki hoto, a lalata su a miƙa wa maƙera da masu walda. Gidan Arewa a Kaduna da Gidan Makama a Kano su ware ɗaki guda su aro ayyukan Okeke da Udechukwu, su sa matasanmu su zana abin da suka gani a Borno da Zamfara, a kai 'yan makaranta su gani. Attajiran da ke kashe miliyoyi kan allunan hoton ɗan takara su ɗauki nauyin mai zane ko da guda ne. Waɗanda suka ga yaƙin basasa da idonsu suna ƙarewa, waɗanda suka tsira a Baga da Rann ma ba dawwama za su yi ba. Gwamna ko kwamishinan al'adu da ya ce sai an samu zaman lafiya tukuna, ya sani shaidu ba za su jira shi ba.