Ambarayajin moto wanda ba ya son mai

Unguwar Lamorde tana Harobanda, a ƙetaren kogin Kwara. A wannan ɓangare na Yamai ne jami'ar Abdu Mumuni take, da babban asibitin Lamorde. Tun da aka buɗe gadar Kenedi a shekarar 1970, mutanen unguwar ke haye kogi safe da maraice, da yawansu bisa moto. A bakin gada moto yana tsayawa, ya tashi, ya sake tsayawa. Duk wannan wahala tana faɗawa kan abu guda: ambarayaji. A Najeriya kuloci ake ce mashi.

Mine ne aikinsa? Inji yana juyawa ko da moto yana tsaye. In da a ce inji yana manne da ƙafar baya kullum, da zarar an taka birki sai ya mutu. Ambarayaji shi ne mai haɗa inji da ƙafa, shi ne kuma mai raba su.

Ambarayaji iri biyu ne. Akwai jiƙaƙƙe, wanda yake kwance cikin man inji. Shi ne a cikin yawancin motocin da ake kawowa daga Sin da Indiya, masu ƙarfe a hannun hagu wanda ake matsewa kafin a sa bitesi. Akwai kuma busasshe, wanda ba ruwansa da mai ko kaɗan. Manyan motocin BMW na da, da wasu na Ducati, busasshe gare su. Amma wanda aka fi sani a ƙasar nan shi ne na Mobylette, wadda kamfanin Motobécane na Faransa ya fara ƙerawa a 1949, aka daina a 2002. Ƙananan motoci marasa bitesi, masu tafiya da igiyar roba, su ma irinsa gare su.

Wannan ambarayaji ba a matsa shi da hannu. Da kansa yake kamawa. Yana da wata ƙwarya ta ƙarfe, makanikai suna ce mata kuloshi. Cikin ƙwaryar akwai takalma biyu ko uku, kowane da fata mai kaushi manne a bayansa. Ƙananan ƙarafa masu miƙewa, wato rasor, suna riƙe takalman zuwa tsakiya.

Ga gwajin da kowane ɗan makaranta zai iya yi a fili, nesa da ƴan'uwansa. A ɗaura ƙaramin dutse a bakin robar taya, a kaɗa shi sama da kai. In ana kaɗawa a hankali, robar ba ta miƙewa sosai. In aka ƙara sauri, dutsen yana neman gudu waje, robar ta miƙe. Haka takalman suke. Inji yana juyi a hankali, rasor ya fi ƙarfinsu, ba su taɓa ƙwarya, moto yana tsaye. Aka ba da wuta, suka buɗe, suka danne ƙwarya ta ciki, suka ja ta, sai moto ya tashi.

Maƙiyin wannan ambarayaji na farko shi ne mai. Ɗigo kaɗan ya isa ya sa fatar ta riƙa zamewa. Sai a ji inji yana ta kuka, moto kuwa yana jan ciki kamar jakin da aka yi wa kaya fiye da kima. Zamewa tana kawo zafi, zafi ya ƙone fata, ta yi sulɓi tana ƙyalli kamar gilashi. Maƙiyi na biyu ƙura ce, ga kuma rairayin lungunan Lamorde, balle lokacin hunturu.

Mai moto yana iya duba shi a gida. A bari inji ya huce tukuna. A shimfiɗa tsumma mai tsabta, duk abin da aka kwance a jera shi bi da bi, don a san yadda za a mai da shi. Ƙwaryar takan ƙi fita. Kada a buge ta da guduma: in ta lanƙwashe, moto zai riƙa rawa duk lokacin tashi. Akwai ƙarfen da aka ƙera don jawo ta, gara a aro shi wurin makaniki.

In an buɗe za a ga baƙar ƙura. Kada a hura ta da baki. Fatun da aka yi a zamanin da suna ƙunshe da amiyanti, wani ma'adini mai zare-zare wanda ke maƙalewa a huhu, ya kawo mugun ciwo bayan shekaru masu yawa. Faransa ta hana aiki da shi a 1997, amma tsofaffin kayan moto ba su ƙare ba. A goge ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma, a jefar da tsumman inda yara ba su wasa.

Fatar da ta yi sulɓi, a ɗan jiƙa ta, a goga mata takarda mai yashi har ƙyallin ya tafi. Cikin ƙwarya ma haka. Fatar da ta sha mai, ko wadda kaurinta ya rage bai kai milimita 2 ba, sai dai a saye sabbin takalma. Rasor da ya saki yana da tasa alamar, kuma ita ce mai haɗari: moto yana neman tafiya da kansa alhali ba a ba shi wuta ba. A cikin cunkoson bakin gada, wannan ya isa a ture mai tafiya ƙasa. In za a sake rasor, a sake su duka tare. Giris kuwa wuri ɗaya kaɗai yake shiga, wato inda ƙwarya ke juyawa bisa sandarta, shi ma gwargwadon ƙwayar wake.

Samari suna son yi wa ambarayaji dabara. Wasu suna sa rasor mai tauri, don takalma su jira sai inji ya yi ƙarfi kafin su kama. Gaskiya ne moto yana zabura. Amma isansi yana tafiya, fata tana saurin cinyewa, kuma mai goyon tsohuwa zuwa asibiti ba zabura yake bukata ba. Wasu suna huda ƙwarya wai don ta sha iska. Wannan ya fi muni. Ƙwarya tana juyawa sau dubbai a minti ɗaya, wadda aka huda ba daidai ba tana iya tarwatsewa kusa da ƙafar mutum. Masu cire murfi kuwa sun buɗe wa ƙura ƙofa, kuma bakin riga ko zane yana iya naɗewa a ciki.

In an gama mayarwa, a ɗora moto bisa ƙafarsa ta tsakiya, a tada inji, a bar shi yana juyi a hankali. In ƙafar baya tana gudu da ƙarfi ba a ba da wuta ba, aikin bai yi ba, sai a sake kwancewa.

Tambayoyi
1. A gwajin dutse da roba, mine ne ya tsaya a matsayin rasor?
2. Don mi ba a hura ƙurar ambarayaji da baki?
3. Moto yana kuka amma ba ya gudu. Ina za a fara dubawa?