Ƙara Faɗin Rumfar Taya a Tsohuwar Fijo: Kimiyyar Da Ke Cikin Aikin

Duk wanda ya ratsa Tsohuwar Kasuwar Panteka, kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, zai ji ƙarar guduma a kan ƙarfe. Daga cikin ayyukan da masu walda da gyaran jikin mota kan yi har da ƙara wa rumfar taya leɓe, wato wannan lanƙwasasshen ƙarfe da ke lulluɓe da saman taya. Wasu na ɗaukar aikin a matsayin ado kawai, alhali kuwa akwai kimiyya a cikinsa.

Mu ɗauki misalin Fijo 504, wadda ta fito a Faransa a 1968. Kamfanin Fijo da ke Kakuri, a kudancin kogi, ya soma haɗa motoci a 1975, ya kuma ci gaba da haɗa 504 shekaru da dama bayan Faransa ta daina. Yanzu ba a ƙera ta, don haka mai yanka jikinta sai ya yi hattara.

Me ya sa ake ƙara leɓen? Idan aka sa taya mai faɗi, gefenta kan leƙo waje. Kewayen tayar mota ya kai kimanin mita 2, saboda haka a gudun kilomita 80 cikin sa'a tana juyawa wajen sau 11 a daƙiƙa guda. Ƙasan tayar yana dafe da titi, samanta kuwa yana tafiya da ninkin gudun motar, wato kilomita 160. Tsakuwa ko taɓon da ya ɓalle daga nan tamkar jifan majajjawa ne, yana iya fasa gilashi ko raunata mai babur. Leɓen shi ne garkuwa.

Matakin farko shi ne awo. Ana murɗa sitiyari har ƙarshe, dama da hagu, a kuma loda wa motar kaya, domin taya tana hawa sama idan ta faɗa rami. In sarari ya yi kaɗan, ƙarfe zai yanki roba. Daga nan sai a zana siffar a kwali, a gwada ta a ɓangarorin biyu kafin a taɓa ƙarfe.

Babban abokin gaba shi ne tsatsa, wadda ke samuwa idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin. Duk inda aka yanka ko aka huda, an cire rigar fenti. Taɓon damina kan maƙale a tsakanin leɓe da jikin mota, ya riƙe laima kwana da kwanaki. Shi ya sa ake shafa fentin hana tsatsa a kowace huda, a kuma sa roba a tsakani. Walda ma a ɗiga-ɗiga ake yin ta, ana barin wurin ya huce, domin zafi mai yawa yana lanƙwasa siririn ƙarfe.

Akwai kuma abin lura: tura taya waje sosai yana ƙara wa boris nauyi, sai ya ci da wuri.

Ɗalibai na iya gwada wannan a makaranta. Ku kifa keke, ku jiƙa tayar baya, ku juya feda, sa'annan ku kara kwali a gefe. Hanyar da ruwan ya bi ita ce leɓen ke tarewa.