Daga Gangunan Koko Zuwa Ajin Lauyoyi: Yadda Dokar Muhalli Ta Sami Malamanta

Duk ɗalibin da ya zauna ajin dokar kiyaye muhalli a wata jami'ar ƙasar nan, da wuya ya fita bai ji sunan Koko ba. Wani ɗan ƙaramin gari ne mai tashar jiragen ruwa a tsohuwar Jihar Bendel, yanzu yana cikin Jihar Delta. A 1987 da 1988 jiragen ruwa suka yi ta sauke ganguna daga ƙasar Italiya, aka jibge su a filin wani bawan Allah ana biyansa dala 100 a wata. Ashe dattin masana'antu ne mai guba, fiye da tan 3,500. Ɗalibanmu da ke karatu a Italiya su suka tsegunta wa jaridun Ikko, asiri ya tonu.

Gwamnatin Janar Babangida ta fusata, ta kira jakadanta gida, ta tilasta aka kwashe kayan. Jirgin da ya ɗauki wani kaso, Karin B, ya sha yawo a teku, tashoshin Turai suna korarsa, kafin ya koma inda aka fito. To, amma da lauyoyi suka buɗe littattafansu, sai suka tarar babu wata doka tsayayya da aka yi musamman domin irin wannan ta'asa. Akwai dai dokar gandun daji tun ta zamanin Turawa, da dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, da ta hana zubar da mai a ruwa ta 1968, kowace tana nata wuri. Kafin shekarar 1988 ta ƙare aka kafa dokar soja mai lamba 42, wadda ta yanka ɗaurin rai da rai ga mai shigo da irin wannan datti, sa'an nan mai lamba 58 ta kafa hukumar kiyaye muhalli ta tarayya, watau FEPA. A 1992 aka ƙara da mai lamba 86, wadda ta ce kada a fara babban aiki sai an auna ɓarnar da zai yi wa ƙasa da ruwa da iska.

Doka kuwa ba ta karanta kanta, sai da malami. Nan ne aikin mutanen jami'a ya taso. A Ile-Ife, Farfesa Margaret Okorodudu-Fubara ta fitar da littafinta a kan wannan fanni a 1998. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Farfesa Muhammad Tawfiq Ladan ya shafe shekaru yana koyarwa da rubutu a kan dokar muhalli da albarkatun ƙasa, har a 2019 aka naɗa shi shugaban Cibiyar Zurfafa Nazarin Shari'a ta Nijeriya. Irin wannan malami ba ya samun kuɗin da takwaransa mai kare manyan kamfanoni yake samu, wannan kam kowa ya sani. Dole kuma ya ɗan san kimiyya, domin ba ka tsayawa gaban alƙali ka ce an ɓata rijiya ba tare da ka san abin da aka zuba a ciki ba.

Babban abin da ke cin ran malaman shi ne sashe na 20 na tsarin mulkin 1999. Ya ɗora wa gwamnati nauyin kiyaye ruwa da iska da ƙasa da daji da namun daji, amma an ajiye shi a babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana a kai gwamnati ƙara a kansa. Watau an ba ka da hannun dama an karɓe da na hagu. Sai masana suka bi ta wata ƙofa, suka ce wanda aka gurɓata masa iskar da yake shaƙa an taɓa hakkinsa na rayuwa. A 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yarda da haka a ƙarar wani mutumin Iwherekan a kan ƙona iskar gas. A 2018 kuma Kotun Ƙoli ta ce ƙungiya mai zaman kanta tana da ikon kai ƙarar kamfanin mai na ƙasa, ko da ba gonarta man ya malala ba.

Mai karatu zai lura duk shari'un nan na kudu ne. Abin da ke damuna ke nan. Mu a Arewa muna ɗaukar wannan karatu kamar na mutanen yankin mai ne, alhali ga namu nan jibge. Tun da aka gama madatsar ruwan Tiga a 1974, aka bi da ta Challawa a 1992, fadamun Haɗeja da Nguru suka ragu, masunta da makiyaya da manoma suka shiga cin iyakar juna. Ga ruwan masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa a Kano. Ga kuma abin da ya fi duka ciwo: a 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Tsarin mulki ya ce ma'adinai na Gwamnatin Tarayya ne, Gwamna kuwa shi ke riƙe da ƙasa bisa dokar 1978, masu haƙa kuma talakawa ne marasa lasin. To, wa iyayen yaran za su kama? Garin Bagega bai ga aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa ba sai a 2013. A 2015 irin wannan guba ta sake kashe yara 28 a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Har yanzu a yawancin jami'o'inmu dokar muhalli darasi ne na ganin dama, ɗalibi yana iya zama lauya bai taɓa leƙa ajin ba. A ganina ya kamata jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri su mai da shi tilas, su kuma riƙa kai ɗaliban nan Anka da Nguru su ga abin da idonsu.