Inda Ake Samun Takardun Kamu da na Shari'a a Mafara, Bakura da Maradun

Wanda ya tashi neman takardar wata shari'ar laifi a Talata Mafara, Bakura ko Maradun, kada ya ɓata kuɗin mashin zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma. Ciyaman ba shi da kotu, ba shi da caji ofis. Kotunan majistare da na shari'ar Musulunci da Babbar Kotu duk na jiha ne, 'yan sanda kuma na tarayya. A Amurka ne gunduma take da kotunta da gidan wakafinta, har a wurare da yawa mutum kan zauna a ɗakinsa ya rubuta suna a intanet ya ga ko an taɓa gurfanar da mai sunan. A nan sai an taka da ƙafa. Waɗannan ƙananan hukumomi uku kowacce ta fitar da gwamna, Ahmad Sani Yarima daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Mafara, Bello Matawalle daga Maradun, amma har yau tarihin shari'ar talakansu yana cikin fayil da babban littafin rajista ne, a kabad ɗin ofishin da maganar ta tsaya.

Don haka abin da za ka fara tambayar kanka shi ne: wa ya yi kamun, kuma ina maganar ta tsaya?

Idan 'yan sanda ne, rubutun farko yana ofishin DPO na yankin. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta wajabta a rubuta laifin da ake zargi, da ranar kamu da yadda aka yi shi, da cikakken sunan mutum da sana'arsa da inda yake zaune, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, a kuma gama wannan cikin awa 48. Kayan da aka karɓa daga hannunsa, waya ce ko kuɗi ko babur, su ma sai an lissafa su a rubuce. Tsarin mulkin 1999, sashe na 35, ya ƙara da cewa cikin awa 24 a sanar da shi dalilin kamunsa a rubuce, da harshen da yake ji, sannan a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Babban laifi irin su kisan kai, fashi da makami da garkuwa da mutane ba ya daɗewa a hannun DPO. Akan tura mutumin da fayil ɗinsa sashen binciken manyan laifuka a Gusau. Iyalai da yawa sukan yi ta sintiri a bakin kanta a Bakura ko Maradun alhali takardar ta riga ta bi mota.

Sai dai a Zamfarar yau ba 'yan sanda kaɗai ke kamu ba. Akwai sojoji, akwai DSS, akwai sibil difens, akwai Hisba, akwai NDLEA, ga kuma Askarawan Zamfara da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a Janairun 2024. Kowa da littafinsa. Wanda NDLEA ta kama da ƙwaya, shari'arsa tana Babbar Kotun Tarayya a Gusau, ba za ka ga sunansa a kotun Mafara ba. Wanda kuwa askarawa ko 'yan banga suka ɗauka, abin da ya kamata dangi su matsa a kai shi ne a gaya musu hukumar da aka miƙa shi da ranar miƙawa, domin daga wannan rana ce sunansa ke shiga takardar da kotu za ta duba.

Ka sani fa, littafin 'yan sanda ba kowa ake buɗe wa ba. Littafin binciken da ɗan sanda mai bincike yake rubutawa, tsohuwar dokar shari'ar laifuka ta Arewa ta 1960 ba ta ba ko wanda ake tuhuma damar ya ce a miƙo masa ya karanta ba. Alƙali ne ke iya kiran littafin. Abin da ke hannunka shi ne ka rubuta wa DPO ko Kwamishinan 'Yan Sanda takarda, ka ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Mayun 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, kuma ba sai ka faɗi dalilinka ba. Jihohi sun daɗe suna cewa dokar ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Afrilun 2025, a wata ƙara daga jihar Edo, cewa ta hau kowa. Amma ita dokar da kanta ta ba hukuma damar hana bayanin da zai ɓata binciken da ake kan yi ko ya tona sirrin wani, kuma wannan ƙofar 'yan sanda suka fi fita ta cikinta.

Akwai wata hanya da mutane ba su cika sani ba. Dokar 2020 ɗin ta ce a ranar aiki ta ƙarshe a kowane wata, shugaban caji ofis ya kai wa majistare mafi kusa jerin duk waɗanda aka kama ba da takardar izinin kamu ba, ko an ba da belinsu ko ba a bayar ba. Ta kuma ɗora wa babban majistare ziyartar wuraren tsare mutane kowane wata, ya duba littafin kamu, ya ba da beli inda ya dace. Ba ko'ina ake cika wannan ba, amma hakan na nufin wanda ɗan'uwansa ya ɓace a bayan kanta yana da damar kai kuka gaban majistare. In abin ya ci tura, sashe na 46 na tsarin mulki ya buɗe ƙofar Babbar Kotu, kuma ƙa'idojin 2009 na kare haƙƙin ɗan Adam sun yarda ɗan'uwa ya shigar da ƙara a madadin wanda ke tsare. Marar kuɗin lauya ya nemi ofishin hukumar ba da tallafin shari'a kyauta ko na Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, duka a Gusau.

Da zarar magana ta shiga kotu, lamarin ya sauya, domin zaman kotu a bainar jama'a ake yin sa, abin da alƙali ya rubuta kuma takardar hukuma ce. 'Yan sanda kan shigar da ƙara a kotun majistare da takardar da ake kira FIR, rahoton farko mai ɗauke da sunan mai ƙara, da wanda ake zargi, da sashen dokar da ake cewa ya karya. Rajistara ya ba ta lamba. Wannan lamba da shekararta su ne mabuɗin komai. In ba ka da su, to ka zo da cikakken suna kamar yadda aka rubuta, da sunan uba, da gari, da watan da aka yi zaman. Mutanenmu sun fi riƙe lokaci da "bayan ƙaramar Sallah" ko "Talatar da aka fara yankan shinkafa", to ka zauna da kalanda ka mayar da shi wata da shekara kafin ka je. Sunaye kuma suna rikitarwa: Abubakar ɗaya yana iya zama Garba a FIR, Buba a bakin mutanen Faru ko Damri, Abu a littafin gidan yari.

Tun 27 ga Janairun 2000 da dokar laifuka ta shari'ar Musulunci ta fara aiki a Zamfara, Musulmi yana iya samun kansa a ɗaya daga layi biyu. Ko dai kotun majistare, inda ake aiki da Final Kod kuma ake rubutu da Turanci, ko kotun shari'a, ƙarama ko babba, inda ake rubutu da Hausa. Hukuncin yanke hannu na farko da aka zartar a ƙarƙashin sabon tsarin, kan satar saniya, a Talata Mafara aka yi shi a Maris na 2000. Masu ganin kamar kotun shari'a ba ta ajiye rubutu sun yi kuskure: bayanan wasu shahararrun shari'o'i biyu na Gwadabawa a Sakkwato da Bakori a Katsina, daga kundin kotu aka kwafo su, aka fassara, aka buga a littafin da Philip Ostien ya tattara a 2007. Ka tabbatar wace kotu ce ta yi zaman kafin ka hau mota, don rajistaran wannan ba ya riƙe da littafin waccan.

Babban laifi ya fi wahalar bi. Majistare ba shi da hurumin yanke hukuncin kisan kai ko fashi da makami, sai dai ya ba da umarnin tsarewa, a aika fayil Ma'aikatar Shari'a a Gusau don lauyoyin gwamnati su ba da shawara ko akwai tuhumar da za ta tsaya. Idan akwai, sai a shigar da sabuwar ƙara a Babbar Kotu, da sabuwar lamba. Ka ga mutum ɗaya, fayil uku ko huɗu: na 'yan sanda, na majistare, na ma'aikata, na Babbar Kotu. Masu jiran shari'a da ke shekara da shekaru a tsare, da yawansu a tsakanin waɗannan ofisoshi takardarsu ta maƙale. Wuri mafi sauƙin kamo bakin zaren shi ne ofishin rajista na gidan gyaran hali, domin ba a karɓar mutum sai da takardar umarnin kotu, kuma a jikinta akwai sunan kotun da lambar ƙara da ranar komawa. Idan an ɗaukaka ƙara daga Babbar Kotu, kundin yana Kotun Ɗaukaka Ƙara reshen Sakkwato.

Neman kwafi kansa ba shi da wuya a ƙa'ida. Ka rubuta wa rajistara takarda, ka faɗi lambar ƙara da abin da kake so: hukunci kawai, ko umarnin kotu, ko dukan bayanin zaman. A ƙiyasta maka kuɗi gwargwadon yawan shafuka, ka biya, ka karɓi rasit. Kuɗin da ba rasit ba kuɗin kotu ba ne. Sashe na 36(7) na tsarin mulki ya ba wanda aka yi wa shari'ar laifi, ko wanda ya wakilta, haƙƙin samun kwafin hukunci cikin kwana 7 da gama shari'a. Abin da za ka nema shi ne tabbataccen kwafi, wanda lauyoyi ke kira CTC. Dokar Shaida ta 2011, sashe na 104, ta ce sai an rubuta a ƙasansa cewa kwafin gaskiya ne, da kwanan wata, da sunan jami'in da muƙaminsa da sa hannunsa, da hatimi inda ake da shi. Fotokwafin da masinja ya yo maka a bakin titi, ko hoton waya, kotu ba ta karɓarsa a madadin wannan. Mai niyyar ɗaukaka ƙara daga ƙaramar kotu kuma kada ya tsaya jiran kwafi har wa'adi ya wuce, wanda galibi kwana 30 ne.

A ganina wanda ya fi kowa buƙatar wannan takarda shi ne wanda aka saki, kuma shi ne ya fi kowa barinta. Ana cewa "kotu ta sallame ka", sai murna da Alhamdu lillahi, a yi gida, ba mai waiwayar rajistara. To amma sakin iri biyu ne. Idan an kori ƙarar ne don masu gabatar da ita ba su kawo shaidu ba, ana iya sake kama mutum a kan maganar nan gobe. Idan kuwa an saurari shari'a aka wanke shi, sashe na 36(9) ya hana a sake yi masa shari'a a kan wannan laifin. Takardar ce kaɗai ke nuna wanne aka yi. Sunansa da zanen yatsunsa suna nan a littafin 'yan sanda tun ranar kamu. Doka ta ce a aika sakamakon shari'a babban ofishin rajistar masu laifi cikin kwana 30, amma kada mutum ya jingina rayuwarsa da cewa an aika. Shekara biyar nan gaba, ranar neman aikin ɗamara, ko neman aure, ko takarar kansila, wani zai ce "ai an taɓa kulle shi", lokacin kuma alƙalin ya sauya, rajistaran ya yi ritaya, wataƙila gara ko ɗigar ruwa ta taɓa fayil ɗin.

Mai neman biza ko aiki a waje, abin da ake tambayarsa daban ne: takardar shaidar hali ta 'yan sanda. Ana cike buƙatarta a shafin POSSAP da lambar NIN, a biya, a ɗauki zanen yatsu, a gwada shi da abin da ke babban ofishin rajistar da ke Alagbon a Legas. Mai ita ne ke nemanta da kansa. Ba za ka nemo ta wani a ɓoye ba.

Tsohuwar shari'a kuwa sai haƙuri. Kafin 1 ga Oktoban 1996 yankin nan duk jihar Sakkwato ne, kafin 2000 kuma kotunan yanki ne ke zaune inda kotunan shari'a suke yanzu. A fara tambaya a kotun da ta gaji wurin. Abin da ya kai zamanin En'e, a gwada gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato ko Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna.

Saura mai binciken wani, kamar uban da aka zo neman auren 'yarsa ko mai shagon da zai ɗauki yaro. Hukuncin da aka karanta a bainar jama'a kana iya neman kwafinsa, ko da yake rajistara zai so jin alaƙarka da maganar, kuma shari'ar yaran da ba su kai 18 ba tsarin mulki ya yarda a rufe ta. Abin kiyayewa shi ne kamu ba hukunci ba ne. Sashe na 36(5) ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar. Wanda ya ɗauki hoton FIR ya watsa a Facebook ko WhatsApp yana kiran mutum ɓarawo ko infoma, a wannan yanki da irin wannan kalma kan jawo a kashe mutum kafin gari ya waye, shi ma yana iya tsayawa gaban alƙali kan ɓata suna a ƙarƙashin Final Kod. In zargin na zina ne kuma ya kasa kawo shaidu huɗu a kotun shari'a, hukuncin ƙazafi bulala 80 ne.