Kukan Bak-aksil: Daga Gareji Zuwa Kilomita 800 Na Farko

Yau shirin namu ƙarƙashin mota zai shiga, can baya tsakanin tayoyi biyu, inda wata tukunyar ƙarfe take zaune a tsakiyar bak-aksil. Mai a-kori-kura, Hilux ce ko wata, ba ya tunawa da wurin nan sai ranar da ya fara kuka.

Kayan cikinta ba su da yawa. Farfela ke kawo juyi daga giya ta miƙa wa finiyan, shi kuma ya juya babban faifan haƙoran nan, kurawun. A tsakiya akwai ƙananan giyoyi masu barin tayar waje ta fi ta ciki gudu idan an sha kwana. Boris ke riƙe da su, man giya na wanke su.

Gogaggen bakanike kunne yake fara sawa kafin sifana. Zai ce, "Direba, tayar mu zaga." In kukan yana tashi da an taka totur, ya ɗauke da an saki, haƙoran kurawun da finiyan ake zargi. In sai an ɗaga ƙafa yake fitowa, galibi boris ɗin finiyan ne ya yi sako-sako. Gurnanin da ke sauyawa idan an karkata sitiyari hagu ko dama kuwa na boris ɗin taya ne, kada a bari a farke aksil a banza. Sannan a sauke mai. Notin ƙasa yana da maganaɗisu: laushin garin ƙarfe a kansa ba abin tashin hankali ba ne, amma ɓarɓashi mai kaifi haƙori ne ke gutsurewa. Mai da ya yi fari ya yi kauri ruwa ya sha, ta ƴar ƙofar numfashin da ke saman aksil, abin da ya zama ruwan dare ga masu ratsa rafi da damina.

To, an je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna sayen kaya. Kurawun da finiyan tare ake goge su a masana'anta, don haka tare ake canza su. A kuma ƙirga haƙora: 41 a kan 10 ba ɗaya ba ne da 43 a kan 10, kuma motar da ke ja da taya huɗu dole lissafin gaba ya yi daidai da na baya.

Ɗauri shi ne aikin. Ratar da ake bari tsakanin haƙoran, a yawancin Hilux, milimita 0.13 ce zuwa 0.18, kuma da agogon awo ake gane ta, ba da girgiza hannu ba. Bakanike zai shafa wani fenti rawaya a haƙoran kurawun, ya juya gaba, ya juya baya, ya duba sawun da finiyan ya bari. Ana son sawun a tsakiyar haƙori. In ya hau baki ko ya nutse gindi, sai a kwance, a sauya siririyar wosha, a sake gwadawa. Yana iya cin yini guda. Wanda ya ɗaure muku shi cikin awa ɗaya, ya zura bututu a sifana ya danne notin finiyan iya ƙarfinsa, ku shirya dawowa.

Saura mai mota, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Mota ta kwana uku a gareji, ga lodin masara na jira a Dawanau, sai ka ji Alhaji na cewa, "Ai sabo ne, a ɗora mata." Sabon haƙori kuwa bai zauna ba tukuna, gogayyarsa da yawa, zafinsa ya fi na tsoho. Zafin nan in ya yi yawa yakan kashe mai, man da ya mutu kuma ba ya kare ƙarfe.

Fitar farko a yi ta ba kaya, minti 15 zuwa 20, a tsaya sai aksil ya huce sarai, a sake haka sau biyu ko uku. Har a cika kilomita 800, ba lodi mai nauyi, ba jan wata mota, ba fizga wajen tashi, kuma a riƙa sauya gudu maimakon tsayawa a kan lamba ɗaya. Daga Kano zuwa Kaduna da dawowa sau biyu ya isa, har da rara.

Daga nan a zubar da man farko, domin garin ƙarfen da haƙoran suka zubar yana ciki. A goge maganaɗisu, a zuba mai mai alamar GL-5, kaurin da littafin mota ya faɗa, har ya kawo bakin ramin zubawa. In bayan wannan har yanzu akwai kuka, a koma gareji da wuri, domin haƙorin da ya riga ya ci a karkace, ko an gyara ɗaurin daga baya, da wuya ya yi shiru.